Yarana sun haddace A B C amma ba sa karatu: wane kaya zan sa musu a hannu?

Tambaya: "Assalamu alaikum. Ni malama ce a wata makarantar al'umma a Funtuwa, ina riƙe da aji ɗaya na firamare, yara 64. Sun iya rera A B C har Z, wasu ma da rawa, amma in na nuna harafi guda a tsakiya sai su yi tsuru-tsuru. An kai mu bita an ce mu riƙa amfani da kayan koyarwa da yaro zai taɓa da hannunsa, aka nuna mana na Montessori a cikin akwati, sai dai kuɗinsu ya fi ƙarfin makarantarmu. Shin da gaske kayan nan suna da amfani, ko ado ne kawai? Me zan iya haɗawa da kaina? Kuma da Hausa zan fara ko da Turanci, tunda iyaye Turanci suke son ji a bakin 'ya'yansu?"

Wa alaikumus salam, Malama. Sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da lada. Na daɗe ina koyarwa a ƙananan azuzuwa kafin in koma horar da malamai, kuma da wuya a tashi bita ba a yi mini irin wannan tambayar ba. In na fahimce ki, kina so ki san ko kayan taɓawa suna sa yaro ya iya karatu, ko za a iya yinsu ba tare da kuɗi ba, da kuma harshen da za a rubuta a kansu. Amsa a taƙaice: suna da amfani, amma sai in suna hannun yaro yana juya su yana furta sautinsu. Duk abin da aka rataye a bango ko aka kulle a ofishin shugaban makaranta, komai tsadarsa, ado ne. Bari mu fara daga dalilin tsuru-tsurun da yaranki suke yi.

Abin da ya sa rerawa ba ta zama karatu

Waƙar A B C waƙa ce, yaro yana haddace ta kamar yadda yake haddace waƙar tashe. Abin da ke cikinta sunayen haruffa ne na Turanci, karatu kuwa da sauti ake yinsa. Ki rubuta "baba" ki ba yaron da sunaye kaɗai ya sani. In ya yi ƙoƙari ƙwarai zai ce "bi, e, bi, e", kuma babu yadda za a yi wannan ya haɗu ya ba da baba. Abin ya fi muni a wasula. Harafin da Turanci ke kira "i" shi ne e ɗinmu, wanda yake kira "ai" shi ne i ɗinmu. Kin ga tun ba a je ko'ina ba an ɗaure wa yaro kai.

Wasu masana biyu, Gough da Tunmer, sun bayyana a 1986 cewa fahimtar abin da aka karanta ninkin abu biyu ce: iya mayar da rubutu ya koma magana, da kuma jin harshen da aka yi rubutun da shi. In ɗaya sifili ne, sakamakon ma sifili ne. Yaranki suna jin Hausa, har gardama suke da ita, to sashe ɗaya yana hannu. Abin da ya rage shi ne su gane cewa kalma guntu-guntu ce, gaɓa a cikin kalma, sauti a cikin gaɓa, kuma kowane sauti yana da alamarsa a takarda. Matsalar sauti ita ce yana fita daga baki ya ɓace. Yaro ɗan shekara shida ba ya iya tsayar da shi ya duba. Da zarar kin mayar da sautin murfin kwalba ko tsakuwa, sai ya zama abin da za a ɗauka, a ajiye, a matsar, a ƙirga. Wannan shi ne aikin kayan taɓawa, ba wani siddabaru.

Ni ma sai da na sha ƙasa kafin in gane. A wata makaranta da na koyar, na kashe hutun ƙarshen shekara gaba ɗaya ina zana haruffa da hotuna a manyan kwalaye, na cika bango da su, duk wanda ya shigo ajin sai ya yaba. Bayan wata biyu ina nuna harafi da sanda aji yana amsawa kamar tsawa, ni kuwa ina ta murna. Wata rana na lura da wata yarinya a baya, ta juya wa bangon ƙeya tana ɗaure takalmi, amma bakinta na ba da amsa daidai, ba ta ko kuskure. Washegari na yanka haruffan na cakuɗa su, na riƙa kiran yara ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda suka san fiye da rabi ba su cika yatsun hannu biyu ba. Ashe 'yan gaba ne ke ja, saura suna bin amo. Wannan ya koya mini amfani na biyu na kayan hannu, wanda a aji mai yara 64 na fi ganin muhimmancinsa: in kin ce kowa ya ɗaga m, wanda bai sani ba ba shi da wurin ɓuya.

Montessori da makarantar allo

Akwatin da aka nuna muku a bita kada ya karya miki gwiwa. Maria Montessori likita ce 'yar Italiya, kuma makarantarta ta farko da ta buɗe a 1907 a unguwar San Lorenzo ta birnin Rum ta 'ya'yan talakawa ma'aikata ce. Ta so a sassaƙa mata haruffan katako masu kyau, kuɗi bai kai ba, sai ita da malamanta suka yanka haruffa daga takarda da samfefa irin ta kafintoci suka manna a kwali. Daga wannan rashin kuɗin aka sami kayan da yau ake sayarwa da tsada. Yara suna shafa harafi da yatsa suna furta sautinsa, sannan suna jera haruffan yanka suna gina kalma, kuma ta lura da yawansu sun fara rubutu kafin su fara karatu. Wani abin da ya taimake ta shi ne harshen Italiya kusan yadda ake faɗarsa haka ake rubuta shi. Hausar boko ma haka take, don haka dabarar ta fi zama daidai da mu fiye da yadda ta zauna da Turanci. Ƙari a kan haka, akwatin da ake shigowa da shi yana da p, q, v da x, amma babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ. Ko an saya miki sai kin yi ciko.

Mu ma ba baƙi ba ne a wannan harka. A makarantar allo kowane yaro da allonsa a cinya, ana fara masa da babbaƙu, watau baƙaƙe tsirara, sannan farfaru inda ake sa musu wasula, yana bi da yatsa. Haruffan ma an laƙaba musu sunayen da ke nuna siffarsu, irin su "ba guje" da "lam jaye". Abin da nake so ki aro daga can shi ne kowa da nasa a hannu, da kuma bin mataki, baƙi sannan wasali. Abin da ba na so ki aro shi ne maimaitawa da ka ba tare da ido yana kan harafi ba.

Akwai bincike guda da nake yawan faɗa wa malamai. A 2012 Karin James ta Jami'ar Indiana a Amurka da abokiyar aikinta sun sa yara 'yan shekara biyar koyon haruffa ta hanya uku: rubutawa da hannunsu, danna madannin kwamfuta, da bin sawun ɗigo-ɗigo. Da aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsu suna kallon haruffan, sassan da manya ke karatu da su sun fi motsawa bayan rubutu da hannu. Darasin da na ɗauka shi ne shafa harafi da bin sawu share fage ne kawai. Dole yaro ya ɗauke ido daga samfuri ya rubuta daga kansa, ko da ya fito a karkace. (Maganar da ake yi a wasu bitoci cewa wani yaro da ido yake koyo, wani da kunne, wani da hannu, a ware kowa da hanyarsa, ki bar ta a can. Kowane yaro yana bukatar ya gani, ya ji, ya faɗa, ya rubuta.)

Marafan kwalba

In abu ɗaya kaɗai za ki iya haɗawa, to ki haɗa wannan. Marafan roba na ruwan gora da na lemo nake nufi, banda na ƙarfe masu kaifin baki. Ki ce kowane yaro ya kawo biyar, ki yi wa mai shago na bakin makaranta magana, cikin mako guda za ki rasa wurin zubawa. A wanke da sabulu, a shanya, a rubuta harafi ɗaya a kan kowanne da maka wadda ba ta gogewa. Ƙananan haruffa za ki rubuta, domin su ne suka cika littafi, manya su jira. Wasula biyar su zama launi ɗaya, baƙaƙe wani launin, yadda yaro zai gani da idonsa cewa kowace gaɓa ta Hausa sai da wasali a cikinta. Ki ja ɗan layi a ƙarƙashin kowane harafi. Murfi zagayayye ne, yana juyawa, in babu layin nan n ta koma u, ke kuma ki ɗauka yaro ne bai gane ba. Ki yawaita a, don babu harafin da Hausa ke ci kamarsa. Su kuma sh da ts kowanne murfi ɗaya ne tunda sauti ɗaya ne, haka nan masu goyo irin su kw, gw da ky idan lokacinsu ya yi.

Kada ki bi jerin A B C wajen koyarwa. Ki fara da haruffan da za su ba da kalma nan take. Da a, m, n, k kaɗai yaro zai gina nama, mama, kaka, kama, mana, har da jimla: "Kaka na nan." Ga m da n ana iya jansu a baki, mmm, nnn, sai su zame cikin wasali ba tare da tsayawa ba, shi ya sa auren baƙi da wasali ya fi sauƙi da su. Ki ajiye m a hagu, a a dama da tazara, ki riƙa matso da su kina jan sautin har su haɗu: mmmaaa, ma. Ki yi suna gani, ku yi tare, sannan su yi su kaɗai. Harafi biyu ko uku a mako ya isa. Bayan waɗannan huɗu sai i, u, r, s, t, kina ƙarawa kina komawa baya.

Wasan da ya fi ba ni sakamako shi ne sauya murfi ɗaya. Rukuni ya gina nama. Ki ce, "A mayar mini da shi mama." Sai sun saurara sun gano wane wuri ne ya canza, su cire murfi ɗaya su sa wani. Daga mama zuwa kama, kama zuwa kaka, kaka zuwa kara, kara zuwa kura, daga baya in an koyi ƙ, kura ta koma ƙura. Ki tsaya a kansu ki gani. Wani zai rushe kalmar gaba ɗaya ya sake gini daga farko, wannan bai riga ya ji cewa sauran sautukan suna nan ba. Wani zai kai hannu kan murfi ya tsaya yana motsa leɓe, ya janye, ya koma na kusa. Kada ki yi masa gaggawa, kada kuma ki bari na gefensa ya fizge, domin a wannan 'yar tsayawar karatun yake shiga. Na taɓa ganin wani yaro da ba ya magana a aji ya gina kasa, ya zura mata ido, ya ɗauke marafai biyun farko ya kai su ƙarshe, ya karanta a hankali, "sa-ka", sai ya ɗago yana dubana kamar ya tsinci kuɗi. Ba ni na koya masa ba. Zaurance ne, irin wanda yayyensa ke yi a gida suna juya gaɓoɓi don kada ƙanana su ji. Daga ranar na sa shi cikin darasi: bara ta koma raba, gida ya koma dagi, su yi ta dariya. Yaron da ya iya juya gaɓa ya riga ya san kalma guntu-guntu ce.

Game da ba, be, bi, bo, bu da muka taso da shi, ba laifi ba ne, sai dai shi ma yana komawa waƙa. Maganinsa ki cakuɗa: bo, ba, bu, sannan mu, ki, ra. In yaro ya karanta a cakuɗe, ya iya.

Yashi, tsakuwa da kwali

Haruffan shafawa kwalin taliya ko na sabulu ya ishe su. Ki yanka kamar faɗin tafin hannunki, ki zana harafi da kauri, ki bi shi da gam ɗin kafinta ko ƙaro da aka jiƙa ya kwana, ki barbaɗa yashin da aka tankaɗe da rariya, ki bari ya bushe. Ki sa ɗigo a inda yatsa zai fara. Montessori tana gabatar da su a mataki uku, kuma ban ga abin gyara a ciki ba: "Wannan mmm ne." Sai "Nuna mini mmm." Sai a ƙarshe, "Wannan mene ne?" Malamai da yawa suna tsallake na tsakiya, alhali can ya kamata a daɗe. Daga shafawa sai rubutu a yashi, a tsohon faranti ko murfin bokiti, ko ma a fita tsakar makaranta kowa ya share gabansa. Kuskure a yashi ba ya barin tabo, tafin hannu ɗaya ya share shi, shi ya sa yaro mai tsoron fensir yake sakin jiki.

Don horar da kunne kuwa tsakuwa ko ƙwallon dabino sun wadatar. Ki faɗi kalma, yaro ya ajiye tsakuwa ɗaya a kowace gaɓa: ma-ka-ran-ta, huɗu. Ki fara da sunayensu, don babu kalmar da yaro ke so kamar sunansa. Idan gaɓa ta zauna sai a gangara kan sauti. A zana 'yan akwatuna a ƙasa, biyu don "ci", huɗu don "rana", yana tura tsakuwa cikin kowane akwati yana furta sautin. Wani masani ɗan Rasha, Elkonin, shi ya fito da wannan dabara. Wata rana sai ki maye gurbin tsakuwar da marafai masu haruffa, yaro ya ga ashe abin da yake ji shi ake rubutawa.

Masu ƙugiya

Nan ne aikin malamin Hausa ya bambanta da na kowa. Yaron Bature da b da d yake fama, namu kuwa huɗu ne a gabansa: b, d, ɓ, ɗ. Rikita b da d a wannan shekaru ba alamar daƙiƙanci ba ce. Tun haihuwa ido ya saba cewa kofi kofi ne, ko mariƙinsa na dama ko na hagu, sai ga shi rana ɗaya an ce in cikin harafi ya juya to ya zama wani. Sai a hankali. Kada ki koyar da b da d a mako ɗaya. Ki ba b makonni ya zauna a hannu, ta shafawa da rubutu a yashi, sannan d ya zo.

Masu ƙugiya kuwa, yaron da Hausa ce harshen gidansu kunnensa ya riga ya raba su. Ba zai taɓa cewa a dama masa ƙoƙo ba. Idonsa ne ke bukatar horo. A kan katin shafawa nakan yi jikin harafin da yashi, ƙugiyar kuma da jan zare mai kauri, yatsa na isa wurin ya ji an canza. Da yumɓu ma suna yi: a murza k, sannan a lanƙwasa mata kai ta zama ƙ. Sai katunan hoto bibbiyu: koko da ƙoƙo, kura da ƙura, kaya da ƙaya, baki da baƙi, daka da ɗaka. Ki ajiye hoton kura, ki miƙa kalmomin biyu, ya zaɓa. In ya ɗora ƙura a kan kura, tambaye shi, "Wannan ce iska ke tayarwa?" Dariyar da za a yi ta fi bulala goma gyara. Ki lura da yaran da ba Hausa ake yi a gidansu ba. Bafulatani yana da ɓ da ɗ a harshensa amma ba shi da ƙ, don haka shi sai an haɗa masa da horon kunne. Ki nace a kan ƙugiya tun yanzu. Dubi yadda manya ke rubutu a waya, a rasa ko baki ake nufi ko baƙi.

Akwai inda murfi ba ya kaiwa. Rubutunmu ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, shi ya sa gado na kwanciya da gado na magada rubutunsu ɗaya, haka gari da gari, kuka da kuka. Jimla ce ke raba su. Saboda haka kada ki daɗe a kan kalma tilo. Ki ninke takarda ki ɗinke da zare ki yi 'yan littattafai masu shafi huɗu, jimla ɗaya a shafi, da haruffan da aka riga aka koya kaɗai. Kuma kowace rana ki ware minti goma na tatsuniya ko kacici-kacici, ki tsaya a tsakiya ki tambaya me Gizo zai yi yanzu, me ya sa. Katuna huɗu masu zanen labarin, a cakuɗa su jera su ba da shi da bakinsu. Wannan shi ke ciyar da sashe na biyu na lissafin nan, watau jin harshe.

Yadda za a yi da yara 64

Rukuni takwas na yara takwas, a zagaye a kan tabarma ko a haɗa benci. Kowane rukuni da jakarsa, wadda tela zai ɗinka miki da buhun shinkafa, da lambar rukuni a cikin kowane murfi don in ya gangara a san gidansa. A jaka kada ki zuba sai haruffan da aka koya. Kowane rukuni da mai riƙon jaka, ana juyawa mako-mako, shi zai ƙirga a farko ya ƙirga a ƙarshe. Makon farko hayaniya za ta yi yawa, za a yi jifa da marafai, za ki ji kamar ki fasa. Ki ɗauki kwana biyu ko uku kina koyar da buɗe jaka da rufe ta kawai, da alamar tafi da ke nufin kowa ya ɗauke hannu. Kayan kwali a rataye su ko a sa a bokiti mai murfi, saboda gara da danshin damina, da awaki in ajin ba ƙofa.

Yayin da rukunoni ke aiki, ki kira yara takwas ɗaya-ɗaya, ki nuna wa kowa haruffa goma a cakuɗe da kalma uku. Minti ɗaya ya ishi yaro, cikin kwana takwas kin zagaye aji. Da abin da kika gani za ki sake raba rukuni: masu neman harafi, masu haɗa gaɓa, masu karanta kalma. Wannan raba yara bisa inda suka kai shi ne ginshiƙin tsarin da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta fito da shi, wanda aka kawo wasu jihohin Arewa irin su Borno da Kano.

Hausa ko Turanci

Ra'ayina ki fara da Hausa, kuma ba don kishin harshe kaɗai ba. Karatu sau ɗaya ake koyonsa, kuma ya fi sauƙi a harshen da yaro zai ji ya karanta "nama" ya san abin da ya faɗa. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci wani gwaji a Ile-Ife inda aka koyar da yara da Yarbanci tsawon shekara shida na firamare, Turanci yana matsayin darasi, kuma ba su zama koma-baya a Turancin ba. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ma ta ce a fara da harshen uwa ko na yankin. A nan Arewa an yi shirin koyar da karatu na Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato, an yi RANA a Katsina da Zamfara, duka da Hausa. Tunda kina jihar Katsina, ki leƙa ofishin ilimi na ƙaramar hukuma ki tambaya ko akwai littattafan RANA da za a ba ki.

Turanci kuma ya tafi ta baki tun ranar farko: gaisuwa, waƙa, sunayen abubuwa, umarni. In Hausar ta zauna, yawancin marafanki za su ƙetare da ku, domin m, n, s, t, b, d, k, l sautinsu kusan ɗaya ne a harsunan biyu. Sai ki ƙara sababbi, ki yi gargaɗi a kan c, wanda a wurinmu na "ci" ne a can kuma ya zama k ko s, da kuma wasulan Turanci masu fuska da yawa. In makarantarku Jolly Phonics take bi, watau tsarin koyar da karatun Turanci ta sauti, mai sautuka 42, ki sani rukuninsa na farko s, a, t, i, p, n ne, kuma p ɗin nan yaron Hausa f yake jin ta. Ki riƙe 'yar takarda a gaban leɓe su ga yadda take tsalle in an ce p. Iyaye kuwa ba a shawo kansu da dogon bayani. Ki rubuta gajeren saƙo da Hausa, yaro ya kai gida ya karanta wa mahaifiyarsa da kansa.

Inda kaya ba sa magani

Ban ga ajinki ba, kuma yawancin abin da na faɗa daga aiki da 'yan shekara biyar zuwa bakwai na samo shi. 'Yan nazare masu shekara uku ba a ba su marafai ko ƙwallon dabino, baki suke kaiwa, kuma ba a matsa musu rubutu. Labari, waƙa da wasan yumɓu sun ishe su. Murfi ba ya maganin yunwa, sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, ba kuma ya koyar da yarinyar da talla ke ɗauke ta kwana biyu a mako. Waɗannan magana ce tsakanin shugaban makaranta da iyaye. Yaron da yake zuwa kullum, an yi zango biyu amma bai riƙe ko harafi biyar ba, ki fara duba kunne da ido. Ki tsaya a bayansa ki kira sunansa a hankali, ki lura ko yana kanne ido in yana kallon allo, ko kunnensa na zubar da ruwa. Ni ba likita ba ne, abin da nake yi shi ne in dawo da shi gaba in ce wa iyaye su kai shi asibiti. Sannan ki tuna marafai na ɗan lokaci ne. Yaron da ya fara karanta jimla littafi yake bukata, in kin ci gaba da tsare shi a kan murfi kin riƙe masa ƙafa.

In kin gwada zango guda, Malama, ki sake rubuto mini. Kafin ki rubuto ki yi musu wannan gwajin: ki ƙirƙiri kalmomi biyar marasa ma'ana da haruffan da kika koyar, irin su numi da kiru, banda kalma kamar samu don sun san ta, ki ba kowane yaro shi kaɗai. Babu wanda zai iya haddace su ko ya ji daga bakin na gaba. Ki faɗa mini yara nawa cikin 64 suka karanta uku ko fiye.